Layin da Likita Yake Kauce Wa

Tun da hantsi suke tafe, ga shi har la'asar ta gota, amma tsohon nan, baban Likita, ko alamar neman wurin zama bai nuna ba. Likita kuwa ƙafafunsa sun gama mutuwa, jan su kawai yake yi.

Likita ba sunansa ba ne. Ranar da ya samu gurbin karatun likitanci a wannan ƙasa ta waje aka liƙa masa shi a gida, har kakarsa ta koma kawo masa ƙarar gwiwarta ta waya. Abin da mutanen gida ba su sani ba, wata bakwai ke nan da makarantar ta sallame shi. Jarrabawa ɗaya ce ta kayar da shi har sau biyu. Yanzu kwanuka yake wankewa a wani gidan abinci da ke layin bayan kasuwar kifi, fuskarsa na kallon bango, bayansa na kallon 'yar tagar da ake turo farantai, tun safe har fatar hannunsa ta yi fari ta tattare.

Da hutu ya zo, sai ya ce karatu ya yi masa yawa, ba zai samu zuwa gida ba. Kwatsam yau da sassafe sai ga wayar Baba: "Likita, ga ni a tashar garinku. Zo ka nuna min gari."

Likita ya tura wa uwar ɗakinsa, mai gidan abincin, saƙo cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya zura rigarsa mai kyau, ya fita a guje. Ya tarar da Baba tsaye cikin kaftani mai karin guga, babu ko jaka a hannunsa. Wai ya bar kayan a masauki.

Dabarar Likita ɗaya ce: a zaga ko'ina, ban da layin nan. Ya kai shi gada, suka kalli ruwa. Ya kai shi ƙofar makaranta, ya gode wa Allah da ya same ta a garƙame, suka ɗauki hoto daga nesa. A layin 'yan yadi aka ci awa guda cur, don Baba tela ne, duk rigar da ya gani a rataye sai ya birkice ta ya duba ɗinkin ciki, ya ja tsaki.

Abinci kuwa, Baba bai ƙyale ba, wai bai tsallako duniya don ya koma da labarin gine-gine ba. Ya ci gasasshen kifi a tsaye, ya ce an yi rowar yaji. Ya kurɓi wata miya mai tsami, ya yamutsa fuska, ya shanye. Duk abin da ya saya sai ya raba biyu, ya tura wa Likita babban rabin.

Garin miƙa masa burodi ne Baba ya riƙe hannun Likita, ya shafa tafin da babban yatsa.

"Hannun nan ya ji jiki. Yawan wanke hannun asibiti ne ko?"

"Shi ne, Baba."

Baba ya gyaɗa kai, ya jira kamar akwai saura. Likita ya cusa burodi a baki. Wallahi ya gaji. Ba gajiyar tafiya kaɗai ba, gajiyar ƙarya ce ta wata bakwai, ga kunya, ga tsoron ranar da idon mutumin nan zai sauka a kansa cikin rigar ledar wanke-wanke.

Daga nan tafiya ta soma ƙwace masa. In ya ce su yi dama, sai Baba ya ce hagu ta fi inuwa. In ya nuna motar haya, sai Baba ya ce likitoci ne ma suka ce tafiya magani ce. Baba na ɗingisa gwiwarsa, amma shi ne a gaba. Wani ramin kwata da ke kayar da baƙi, ya kewaye shi ko ƙasa bai kalla ba. Sannu a hankali ƙarnin kifi ya fara dukan hancin Likita.

"Baba, can ba komai sai ƙazanta. Mu koma."

"To, ni yunwa nake ji."

Yunwa! Mutumin da tun safe bakinsa bai huta ba. Ƙarya ta ƙare wa Likita, ko guda ɗaya bai iya ƙirƙirowa ba. Haka ya bi shi kamar tunkiya, suka shige layin, suka wuce mai gyaran takalmi, suka wuce shagon ƙanƙara. Baba ya ja ƙofar gidan abincin, ya zarce can ciki, ya zauna, ya miƙe ƙafarsa yana nishi.

Uwar ɗakin Likita ta fito tana goge hannu a gyauton gabanta. Ta dubi mai zazzaɓi sama da ƙasa. Abu ɗaya ya rage masa: Baba ba ya jin yaren garin. Ya matsa kusa da ita, ya yi mata magana da yaren.

"Don Allah ki rufa min asiri. Mahaifina ne, yau ya sauka. Bai san an kore ni ba. Ki yi kamar ba ki taɓa ganina ba, gobe ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

Matar ta sauke numfashi irin na wadda ita ma abin ya ishe ta.

"Ku biyun nan kun gajiyar da ni," ta ce. "Shi ma ranar farko hotonka ya nuna min, ya ɗora yatsa a baki. Yau kwana shida ke nan yana zama kan kujerar nan daga buɗewa har rufewa, yana kallon bayanka ta taga, yana jira ka juyo."