Tayoyi Masu Sulɓi

"Waɗanne za a sa, Baba? Masu zane ko masu sulɓi?"

Corrado ne ya yi tambayar, yana jingine da jar motarsa a bakin filin tsere, da kofin gahawa a hannu. Surukinsa Gualtiero ya shekara arba'in yana zaɓa wa direbobi taya. Ya tsuguna ya shafa su. Masu zane suna kama kwalta ko ana ruwa. Masu sulɓi sun fi gudu, muddin ƙasa a bushe take.

Idonsa ya tsaya a kan hannun Corrado. Jiya 'yarsa Ornella, matar Corrado, ta zo gida da kumburarren ido, ta ce daga bene ta faɗo. Sau uku ke nan a bana.

"Hadarin can fa?" Corrado ya nuna tsaunuka, inda sama ta fara baƙi.

"Kai ɗan birni, gajimare ma tsoro yake ba ka? Iska za ta kore shi. Ko ɗigo ba za a yi ba."

Corrado ya yi dariya. "To, ɗaura masu sulɓin, tsoho."

Gualtiero ya ɗaura su da hannunsa, ya matse kowane noti tam. Motar ta yi ruri, ta nufi kwanar da ke gangaren dutse.

Ya goge hannu a tsumma, ya kira matarsa a waya.

"Kwashe shanyar nan yanzu," in ji shi. "Ruwa ya kusa sauka."