Sunan Gonarmu a Littafin Coci

"Ashe kin sani, Goggo," in ji ta, tana kaɗa min takardar da ta kwafo daga tsohon littafin cocinmu.

Na sani mana. Wace magana ce ta taɓa wuce ni a ƙauyen nan?

Wata biyar ke nan da matar ta zo daga birnin Riga, wai littafin ya nuna a gonarmu aka haifi kakanta, don haka ni jininta ce. Ban musa ba. Kowace Lahadi sai ta zo mu ci baƙin burodi da zuma, ina kwance mata asirin matattu da na masu rai.

"Kakan nawa ɗan 'yan ƙwadago ne, ba jininku ba," ta ce. "Shekara ɗaya suka yi a nan."

Gaskiyarta. A da 'yan ƙwadago kan sauya gona duk bazara, fasto kuwa sunan gonar da ya same su yake rubutawa.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Da na faɗa, 'yar nan, wa zai taya ni cinye zumar?"

Ba ta yi dariya ba. Ta suri jakarta, ta maido ƙofa garam.

Har na ji daɗin ƙarar. Shekara tara rabon da wani ya rufe ƙofar nan haka, in ba iska ba.