Kacici-kacicin Agogo

Ranar wasan neman kyautar da malamai suka ɓoye wa 'yan ajin ƙarshe, Dogo da Auta suka rage su biyu a ɗakin karatu, da kacici-kacici ɗaya a hannu.

"Yana da fuska, amma ba ya kallo," Dogo ya karanta. "Agogo ne. Auta, ke ma yau haka kike. Me na yi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Mamarka ta zo gidanmu jiya. Ta roƙe ni in rabu da kai ka yi karatu."

"Zan lallashe ta."

"Na riga na yi mata alkawari."

Ihu ya tashi a waje, wasu sun gano kyautar. Dogo ya buɗe baki, sunanta kawai ya iya kira. Ta raɓa ta gefensa ta fita, idanunta jawur.