Abokin Darar Kawu

"Mama, ina littafin da na bari a kan firji?"

Nadim marubuci ya birkita gidan kaf. Da la'asar zai shiga wani gidan rediyon Beirut, ya faɗi littattafan da suka burge shi a bana. Ɗaya daga ciki, wanda yake nema, na tarihin maza masu son maza ne. Don gudun idon tsohuwarsa, ya lulluɓe shi da bangon wani littafin kisan kai.

Ya manta ita mayyar labarin kisa ce.

A baranda ya same ta, tabarau a karan hanci, tana shafin ƙarshe.

"Wannan marubucin macuci ne," in ji ta. "Shafi ɗari huɗu, ko kaza ba a kashe ba."

"Mama, tsaya in yi miki bayani."

"Rufe min baki, ai na gano bakin zaren da kaina." Ta kurɓi gahawa. "Shekara arba'in kawunka Fu'ad yana gida ɗaya da Jamil, wai abokin dararsa ne. Ni kuwa abin na ɗaure min kai, don har ya koma ga Allah bai iya dara ba."