Fuskar Malam a Gilashin Filasma

Ranar da Baba ya kawo sabuwar talabijin filasma daga Ƙaura, ya ja mana kunne: "Kar a bar hoto ɗaya tsaye, gilashin yana riƙewa."

Yana fita, kakarmu Inna ta sa na kunna faifan bikin Kawu, na tsayar daidai inda marigayi mijinta, Malam, ya waigo. Tun azahar take kallonsa har la'asar.

Da na mayar tashar ƙwallo, sai ga fuskarsa dishi-dishi a tsakiyar fili, 'yan wasa suna ratsa goshinsa. Na kurma ihun da na rantse an ji har Zurmi.

Inna ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, rage murya. Malam ba ya son hayaniya."

Har yau in na shiga ɗakin nan, raɗa nake yi.