Askin Juma'a

Da hantsin Juma'a jami'in ƙungiyar da ke tallafa wa tsofaffin fursunoni ya yi sallama a shagon wani mai aski a unguwar Kambarawa. Su suka koya masa aski, suka kama masa wurin, amma kujerar ta ƙi ganin kowa. Duk unguwa an san wuƙa ce ta kai shi gidan yari.

"Ga baƙo, shi ya ce in kawo shi," in ji jami'in.

Baƙon ya zauna, ya tuɓe hula. Tabon yana nan ƙasan kunnensa, daidai inda wuƙar mai askin ta bi.

Baƙon ya ce, "Har gemu, Malam. Kada mu rasa huɗuba."

Ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido. Mai askin ya yi bisimilla ya ɗauki aska, ya fara yi masa aski.