Ranar da Aska Ta Koma Zabira

Ƙyallin ƙarfe na fara hangowa cikin zabirar wanzami. Ina ƙarama lokacin, a gidanmu na Tawa, maƙoshina ya kumbura har miyau ba ya haɗiyuwa. Inna ta ce belu ne, a yanke shi.

Wanzamin ya zaro aska ya ajiye, ya danne harshena da cokali, ya leƙa, sai ya kau da kai.

"Ke ɗiyar ga, baki ne ko turken awaki? Yaushe rabonki da asawaki?"

Na sunkuyar da kai, don da alewa a kumatu nake kwana.

"Inna, belunta lahiya lau. Gefen maƙoshi ne ya kumbura, ga dauɗar haƙora tana ƙara mishi. Ku kai ta likita, ta riƙa kurkurawa da ruwan gishiri."

Ya maida askar, ya zaro ɗan icen asawaki ya miƙo mini. Har yau ɗacin icen nan ya fi mini turare daɗi.

Yanzu shi ne surukina, ɗansa nake aure. Haƙoransa sun zube, amma babu jikan da ke samun alewarsa sai ya buɗe baki an duba.